Bokitin Kunun da Aka Ɗora wa Jikata a Ka

Zuwa ga Uwargida, Shugabar Makarantar 'Yan Mata ta Kwana,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kina lafiya, ke da malamanki da yaran da aka ba ki amana. Bayan haka, ni ne Malam Bawa, tsohon malamin daji, mazaunin Birnin Gwari, kakan Asabe, yarinyar da kika sa a motar katako kika aiko mini da kai naɗe da bandeji. Takarda uku na rubuta miki kafin wannan, ban ga amsar ko ɗaya ba. Shi ya sa na aika wannan gidan jarida, in ba a karanta ta a ofis ba, a karanta ta a kasuwa. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta.

Kada ki ɗauke ni maƙiyin boko. Ina cikin yaran farko da aka kai makaranta daga ƙasarmu, tun ana koya mana baƙaƙe da yatsa a kan rairayi. Da hakimi ya ce En'e, wato hukumar gargajiya, na neman 'yan mata, mutane suka yi ta ɓoye 'ya'yansu, wasu a rumbu, wasu a rugar Fulani. Ni da ƙafata na kama hannun Asabe na kai ta. Ita kaɗai ta rage mini. Ubanta, ɗana Idi, kogin Mariga ya ci shi, uwarta ta bi shi shekara na zagayowa. Ita ke dafa mini, ita ke karanta mini abin da idona ya daina gani. Na ba da ita na zauna ni kaɗai, ina cewa na yi abin kirki. Shekarunta goma sha huɗu. Wata biyar ta yi a hannunki.

Ga abin da na sani. A kwana na huɗu da dawowarta, ina shafa mata zuma a ƙunar da ke kanta, ta ba ni labari.

Na farko, suna. Al'adarku ce ku liƙa wa kowace yarinya sunan garinsu. Malamin da ya rubuta rajista ya ga gurbin ya yi masa kaɗan, sai ya yar da "Birnin" ya rubuta "Asabe Gwari". Kowace safiya haka ake kiranta a gaban yara duka, su kuwa su amsa mata da gwaranci, suna karkace baki. Uwarta Bagwariya ce daga wajen Gayam, ban taɓa jin kunyar haka ba, don mace ce da ta fi maza da yawa riƙon amana. Amma ke kin daɗe a ƙasar nan, kin san abin da yaran birni ke nufi in sun ce wa mutum Bagware. Sau biyu Asabe ta roƙi malamin ya gyara. Ya ce tawada ta riga ta bushe.

Na biyu, ban sani ba ko kin san makarantarki sarauta biyu gare ta. Akwai taki, akwai ta waɗanda ke kiran kansu 'Yan Soro, wato 'ya'yan manyan gidaje, su tara. Babbarsu suna ce mata Magajiya, ita ce kuma kika naɗa shugabar ɗakin kwana. Ba zan faɗi sunan ubanta ba, don ba shi ya yi ba. Duk sabuwar yarinya sai ta zaɓa: ko ta zama 'yar wankinsu, ko ta zama abin dukansu. Asabe ta ƙi wanki. Suka hana kowa cin abinci kwano ɗaya da ita. Wata yarinya 'yar Kakangi da ta raba sabulu da ita, suka mare ta har kunnenta ya yi ruwa, tun daga ranar ko ido ba ta ƙara haɗawa da jikata ba. Suka zuba mata ƙasa a tuwo. Suka yanke mata kitso da almakashin ɗinki. Suka jiƙa igiyar guga suka zane ta a bayan wurin wanka, biyu na riƙe da ita, ɗaya ta cusa mata ɗankwali a baki. Na ƙirga sawun igiya goma sha ɗaya a bayanta. Shekara talatin na yi a daji, na ga yadda kyarketai ke ware barewa ɗaya daga garke su bi ta har ta faɗi. Amma su yunwa ke sa su.

Na uku shi ne wanda nake so ki fahimta da kyau, don a kansa aka ƙona ta. Mutanen uwarta ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Suna cewa kai shi ke ɗauke da tunanin mutum, bai kamata a ƙara masa wani nauyi ba. Haka uwarta ta koya mata tun tana tatata. Asabe za ta ɗauko tulu cike daga rafi a kafaɗa ɗigo bai zuba ba, amma ba ta taɓa sa gammo a kanta ba, wuyanta bai san wannan aikin ba. Ranar da 'Yan Soro suka gan ta da bokiti a kafaɗa suka yi ta shewa, Magajiya ta ce, "Ashe gaskiya ne, jakar daji aka kawo mana! Bari, sai mun koya mata zama mutum."

Na huɗu, ranar Talata da safe, Asabe ce ke da aikin ɗauko kunu daga madafa zuwa wurin cin abinci. Bokitin ƙarfe ne, yanzu aka sauke kunun daga wuta. Ta sa tsumma ta ɗora a kafaɗa ta taho. Suka tare ta a lungun da ke tsakanin madafa da rijiya, inda ba a hango mutum daga ofis. Magajiya ta ce, "Yau a ka za ki ɗauka, 'yar Gwari, kamar 'yar mutane." Asabe ta ce, "Yaya, don Allah ki bari, da zafi. Gobe in ruwa ne zan gwada." Yaya ta ce mata, Uwargida, ki lura. Biyu suka murɗe mata hannu ta baya, biyu suka ɗaga bokitin suka ɗora mata a ka ba gammo, suka sake ta suka ce ta yi tafiya. Taku uku ta yi, gindin bokitin na cin fatar kanta. A na huɗu wata ta sa mata ƙafa.

Kunu ba ruwa ba ne, ba ya gangarewa ya wuce. Kamawa yake. Ya kama mata gefen fuska na hagu, da kunne, da wuya har ƙirji. Da mai dafa abinci ta zo ta fizge ɗankwalin da ke kanta, da fata ya fito. Yanzu kunnen ya manne da wuya, gashin wajen ba zai sake tsirowa ba, idon hagu kuwa hazo-hazo take gani da shi. A cikin wannan azabar ta kama hannun Magajiya ta cije, sai da aka sa muciya aka ɓamɓare bakinta.

Na biyar, takardarki da direba ya miƙo mini. Kin ce hatsari ne da sakacin yarinya ya jawo. Kin ce ta ciji 'yar'uwarta, don haka bulala shida na jiranta. Kin ce in watan gobe ya tsaya ɗan doka zai zo ya mayar da ita, don sunanta na cikin lissafin En'e. Ba ki ambaci su tara ɗin ba ko da kalma ɗaya. Na yi aiki da Turawa, na san in itace ɗaya ya faɗi a gandun daji sai an tambayi wanda ya sare shi. Ashe maɗaci ya fi jikata gata.

Na yi niyyar in ɗan dokan ya zo in kwanta a bakin zaure, ya tsallake ni in zai iya. Sai Asabe ta ce, "Kaka, ka bar shi, zan koma." Na yi murna, na zaci karatun take so. Shekaranjiya ina neman allura a akwatinta, na taɓa wani abu a naɗe cikin zanen makaranta. Wuƙata ce ta aiki, wadda nake sa wa itatuwa alama da ita, ta shekara goma tana tsatsa a rataye. An wasa ta har tana aske gashin hannu. Na kira ta na nuna mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba. Ta ce, "Kunne ɗaya kawai nake so, Kaka." Yarinyar da ko kaza aka yanka sai ta kau da kai.

Saboda haka ga roƙona.

A gyara rajista, a rubuta Asabe Idi, sunan ubanta. A sauke Magajiya daga shugabancin ɗaki, a raba su tara ɗin, a kira iyayensu a nuna musu fuskar jikata da rana tsaka. A tambayi mai dafa abinci abin da ta gani, a tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban yaran ba. A soke bulala shidan nan. A kai Asabe babban asibiti likita ya duba idon tun bai mutu ba. A kuma bar kowace yarinya ta ɗauki kayanta inda uwarta ta koya mata. In an yi waɗannan, a rubuto mini, ni da kaina zan hau mota in kawo ta, ko da tafiyar ce za ta ƙarasa ni.

In kuwa ba za a yi ba, to kada ki turo ɗan doka. Ba don jikata kaɗai nake faɗa ba, har don Magajiya, 'yar mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Wuƙar da na samu na jefa ta a tsohuwar rijiya. Amma ni tsoho ne, ba na gani sosai, rabin yini a kwance nake, garin nan kuwa kowane gida da lauje.

Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya ba ki ikon yin adalci tun wata bai tsaya ba. Allah ya shirya yaran nan tara, ya sanyaya zuciyar jikata, ya sa kada wata uwa ko wani kaka ya karɓi irin abin da na karɓa daga motar katako.

Wassalam.

Ni ne naki,
Malam Bawa, tsohon malamin daji,
Birnin Gwari.