Ranar da Muka Yi Aron Kujeru

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi ƙungiyarmu ta gyaran kekunan guragu. Tana numfashi dai. Shekarun farko gudummawa ta ishe mu sayen tayoyi da biyan albashin mai walda. Bana kuwa sunan ma'ajiya kawai nake amsawa, akwatin ba komai sai makulli. Ɗan abin da ya rage, Ciyaman ya buga kalanda da shi, da hotonsa ya cika shafi kamar shi ya ƙirƙiro taya. Mai shagon da muke haya ya ce ko kuɗin haya ko kwaɗo a ƙofa.

Ƙanwarki

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan gwiwar ta saki. Wata baiwar Allah mai tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi za ta zo duba mu. Na ce mu nuna mata rufin da ke yoyo da kekunan da ke jiran gyara. Ciyaman ya hura hanci, wai shi ba zai tona wa kansa asiri a gaban baƙuwa ba. Ya aro kujeru da labule da fanka daga ofishin surukinsa, ya sa an jibge karyayyun kekunan a bayan shago an lulluɓe da tampol. Girman kai rawanin tsiya. Wallahi ko ganinsa ba na son yi.

Ƙanwarki

Yaya,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake. Matar ta zo, ta sha iskar fanka, ta yaba, ta ce tunda mun tsaya da ƙafafunmu, tallafin zai tafi ga masu buƙata. An ce zanen aro ba ya rufe katara, namu ya rufe har ya shaƙe mu. Mai shago ya sa kwaɗonsa.

Jiya wani tela ya rarrafo tun daga bakin titi, yana jan kekensa da igiya, taya ɗaya a karye. Yana zaune a ƙofar, Ciyaman ya tsallake shi, ya tare ni yana murmushi, yana tambaya ko na ji yadda matar ta yabe mu.

Ki gaida yara, ki sa telan nan a addu'a.

Ƙanwarki mai kewarki