Ɗana Ya Shafe Gidana Da Kalar Toka, Yanzu Wai Na Ruɗe

Malama Binta,

Ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, don idan wata ya ƙare ban san abin yi ba, za a ɗauke ni kamar buhun citta a sa a mota a kai Abuja. Ni ban yi boko ba, aji biyu na yi sai karatun Littafi a coci. Ƙawata Miriyam, wadda ta yi tica har ta yi ritaya, ita ke rubuta wannan, kuma na gaya mata kada ta gyara min magana.

Ni gwauruwa ce a Kafanchan, shekarata saba'in da 'yan kai. Maigidana ya yi aikin reluwe, ya mutu shekara tara ke nan. Gidan da nake ciki mu biyu muka gina. Shi ya sa albashi, ni na sa abin da na samu a citta da kunu, yashi da ruwa kuwa a kaina suka zo. Tun ranar da aka gama shi kore ne, kore shar kamar ganyen rogo, ƙofa ja. Duk bayan Kirsimeti biyu marigayi da kansa yake sake fenti, bayan shi ni ke kiran mai yi. Layinmu babu lamba. Ka ce wa ɗan acaba koren gida bayan coci, ya kawo ka, ba tambaya.

Ɗana namiji ɗaya ne, Ishmael, yana aiki a Abuja, matarsa Doreen. Bayan Ista na tafi taron Zumuntar Mata a Gwantu, kwana huɗu. Ashe sun shirya wai za su yi min abin mamaki. Da na dawo, ɗan acaba ya wuce gidana sau biyu, ni ina bayansa ina cewa ba nan ba ne, yi gaba. Sai da na ji muryar karena.

Malama, bango toka. Katanga toka. Get toka mai duhu. Na shiga, tayil ɗin baranda toka, labule toka, kujeruna masu fure an fitar an kawo wasu toka masu tauri kamar bencin asibiti. Su biyu suna tsaye suna murmushi, Doreen ta ɗaga waya tana ɗaukar fuskata, suna jira in yi kukan murna. Na tambaya ko fenti ne ya ƙare aka tsaya a siminti. Doreen ta ce ai wannan shi ne yayi, wai kala ce mai aji, tana kwantar da hankali. Na ce hankalin wa? Nawa a kwance yake kafin ku zo.

Toka na san ta. Da ita nake wanke gindin tukunya. Kuma mu da muka zauna a garin nan lokacin rikici, mun ga gidajen mutane sun koma toka, mun taya su tonawa ko za a samu cokali. Yanzu a ce mutum ya ɗauki guminsa ya sayo wannan kala a gwangwani ya shafa wa gidan ubansa? Ishmael ya ce Mama ke dai ba ki da godiya. To, rufin da ya gyara na gode, ruwa ya daina zuba a kan gadona. Amma wa ya tambaye ni? Ko akuya za ka canza wa turke, kana duba ko za ta zauna.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mai fentin ya bi maƙwabta da daɗin baki, gida uku a layinmu suka yi irin wannan, da get iri ɗaya. Yanzu layin kamar barikin soja. Daga nan masifa ta fara.

Na farko, baranda tana da mataki ɗaya. Da jan siminti ne a bakinsa. Yanzu sama toka, ƙasa toka. Na fito da tiren wake, na taka iska, na faɗi a gwiwa. Sati biyu ina ɗingishi. Na biyu, na dawo daga kasuwa, na tura get na shiga, na ajiye kaya, har na fara faɗa, ina cewa wa ya shanya wandon maza a igiyata. Gidan maƙwabcina ne. Matarsa ta yi dariya, ni ma na yi, amma da yamma ta buga wa Doreen waya.

Na uku shi ya kashe ni. An yi auren 'yar wata 'yar Zumuntarmu a Fadan Kaje, Ishmael ya zo ya kai ni. Da aka ci abinci na gaji, ya ce in je in jira shi a mota, a buɗe take. Motarsa toka ce. Na fito na ga motoci a jere, rantsuwa ba kyau amma fiye da rabi toka, ba ƙyalli, kamar ba a wanke ba. Da a garin nan kowa ya san motar kowa, ta fasto fara, ta hedimasta shuɗiya. Na ja ƙofar wadda ta buɗe, na zauna a baya, na cire takalmi, barci ya ɗauke ni. Ashe motar kawun ango ce. Awa guda suna nemana. Har aka karɓi lasifika daga hannun mai kiɗa aka yi shela da sunana, wai wata tsohuwa ta ɓata, duk wanda ya gan ta ya riƙe ta. Ya riƙe ta! A gaban matan da na shugabanta shekara shida. Kawun angon ne ya zo ɗaukar wani abu ya same ni.

A hanyar dawowa Ishmael bai ce komai ba. Bayan sati ya zo da ƙanin ubansa, Kambai, suka zaunar da ni a kan waɗannan kujeru. Wai Mama tsufa ya fara taɓa miki kai, kin faɗi, kin shiga gidan mutane, kin shiga motar mutane, gobe rijiya za ki shiga. Wai ƙarshen wata zai zo ya tafi da ni, akwai ɗaki a gidansa, wannan gidan kuma a sa 'yan haya. Na taɓa zuwa gidan nasa sau ɗaya. Hawa na uku, ba ƙasa da za ka tsuguna, ba wanda zai ce maka sannu, shi ma toka daga ƙofa har bayan gida. Na ce ba inda za ni. Kambai ya ce a al'adarmu gida na ɗa ne, mace zama take yi. Na ce masa lokacin da nake ɗauko yashin gidan nan daga rafi, kai kana gindin mangwaro kana shan burkutu, al'ada ba ta ce ka kama min kwano ba. Ya tashi ya fita. 'Ya'yana mata biyu kuma, daga gidajen aurensu, sun bi bayan ɗan'uwansu.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai Miriyam. Idona ne. Shekara biyu ke nan na hagu kamar an shafa masa koko, na dama ma ya fara. Abu mai kala ina gani. Ja, kore, zanen Zumunta, daga nesa nake ganewa. Shi ya sa da ban taɓa ɓata ba. Amma toka a kan toka, ban ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Kaina lafiya lau. Na san sunan jikokina goma sha ɗaya da ranar da aka haifi kowa, na san waƙoƙin coci ba littafi, na san duk wanda bai zo jana'izar maigidana ba. Ban faɗa musu ba don idan suka ji makanta, ko ƙarshen wata ba za su jira ba.

Na sayi koren fenti gwangwani biyu, yana ƙarƙashin gado. Na ari tsani. Na sayi babban kwaɗo. Niyyata in mayar da gidana yadda yake da hannuna, in ya zo ya tarar da get a kulle. Miriyam ta ce ƙuguna zan karya, in kuma ba shi hujja. Ni na ce in dai za a fitar da ni daga gidan nan, a fitar da ni a akwati. Ki faɗa min gaskiya, kada ki lallashe ni, na wuce nan.

Tsohuwa mai koren gida, Kafanchan

Mama,

Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan yi ba. Ki mayar da tsanin nan yau. Idan kika faɗo daga kansa, maganar ta ƙare, kuma ba a gidanki za ki yi jinya ba.

Fushinki yana kan gaskiya. Ba a shiga gidan babba a canza masa komai yana tafiya, ko da kyautatawa aka yi niyya. Ishmael ya yi kuskure da bai tambaye ki ba, kuma ya kamata ya ji haka daga bakinki. Kalar toka yayi ce kawai. Matasa na son ta don tana ɓoye datti, tana tafiya da kowane kaya, motar ma ta fi saurin samun mai saye. Za ta wuce kamar yadda wasu suka wuce. Amma abin da ya yi kyau a hoton waya ba lallai ya dace da gidan mai shekara saba'in ba, kuma wannan ne su biyun ba su yi tunani ba.

Yanzu ki tsaya a inda ɗanki yake tsaye. Cikin 'yan watanni uwarsa ta faɗi, ta shiga gidan wani, ta ɓace awa guda a wurin biki. Shirun da ya yi a mota tsoro ne, Mama. Yana neman dalili, kuma dalilin gaskiya kin ɓoye masa, sai ya kama wanda ya fi muni. Sirrin da kike riƙewa don ya tsare miki gida, shi ne yake neman fitar da ke. Ruɗewar tsufa tana sa a ɗauke mutum. Matsalar ido kuwa asibiti ake kai ta.

Ni ba likita ba ce, amma abin da kika kwatanta ya yi kama da yanar ido, wadda ta zama ruwan dare ga masu shekarunki, kuma sau da yawa ana cire ta da ɗan gajeren aiki. Likita ne zai tabbatar, kuma jinkiri ba ya taimakon ido ko mene ne ciwon. Cikin satin nan ki sa Miriyam ta raka ki asibitin ido. Ki kuma roƙi a duba tunaninki a rubuta sakamako. Ba don ina shakka ba, wadda ta tsara wannan wasiƙa ba ta ruɗe ba. Don dai ki riƙe takarda a hannu ranar da za a yi magana.

Fentin da kika saya kada ya lalace. Ki kira mai fenti ya shafa wa get da ƙofa, ya ja layi mai faɗi a bakin matakin baranda da duk inda ƙasa take da tudu. Wannan maganar lafiyarki ce, ba sai an ba ki izini ba, amma ki buga wa Ishmael waya ki sanar da shi kafin a fara, don kada ki yi masa abin da ya yi miki. Bango ya jira har ku zauna. Kwaɗon kuma ki sa a ɗakin ajiya. Uwar da ta kulle wa ɗanta get, labarin da gari zai ɗauka ke nan, ba na fenti ba.

Ki ce ya zo shi kaɗai, ba Doreen, ba Kambai. Ki yi masa magana da yarenku. Ki fara da idon, ki nuna masa takardar, sannan ki faɗi abin da ya ɓata miki rai. Kada ki ja maganar gado da al'ada a wannan zama, domin ba gidan ne damuwarsa ba, ke ce. Ke ma sai kin ba da wani abu: ki yarda wata 'yar'uwa ko 'yar haya da kika zaɓa da kanki ta riƙa kwana a gidan. Idan aikin idon ya kama a Abuja za a yi, ki je, amma a tsayar da ranar dawowarki a gaban fasto ko wani dattijo da ɗanki yake jin nauyinsa. Idan duk da haka aka nace sai an sa haya ba da yardarki ba, to lokacin ne za ki nemi dattawan coci da mai ba da shawarar shari'a, don matar da ta gina gida da mijinta tana da bakin magana a kansa.

Ina kyautata zaton ba za a kai can ba. Yaron da ya gyara wa uwarsa rufi, idan ya gane fentinsa ne ya kayar da ita, kunya za ta kama shi fiye da yadda kike tsammani. Ki bar masa hanyar da zai gyara ba tare da an tozarta shi ba.

Allah ya ba ki lafiyar ido, ya daidaita ki da ɗanki, ya bar ki a ɗakinki cikin mutuncinki. Ki gaida Mama Miriyam, kin yi dacen ƙawa.

Malama Binta