Safar Hannun Yaya Tana Ƙarƙashin Dabino

Gure, ranar Talata.

Zuwa ga Kawu Yahya, a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga kawunta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Tanti Rahinatu da yara. Ya aiki, ya gajiyar garaji? Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a hannunka, Ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Ya Kaka ta yi sauƙi, har tana fitowa bakin ƙofa da hantsi tana faɗa da awakin maƙwabta. Inna tana nan tana fama da mu. Baba kullum yana kwari wajen lambu. Rairayi ya sake gangarowa ya ci gefen da ake shuka albasa, amma dabino ya yi kyau bana, za ka gani da idonka. Ni kuma na shiga ajin farko na koleji. Mushenmu, wato malamin ajinmu, ya ce ina ƙoƙari, illa dai ba a jin muryata idan ya yi tambaya.

Kawu, Yaya Jibirilla ne zai miƙa maka wannan takarda, kuma bai san abin da ke cikinta ba, na ce masa gaisuwa ce kawai. Na san Baba ya gaya maka ta waya cewa ga shi nan tafe ya koyi gyaran mota a wurinka, amma ban sani ba ko ya gaya maka yadda aka yi. Shekara uku Yaya yana tsaron raga a ƙungiyar matasan garinmu, shekara uku Baba yana cewa ƙwallo ba sana'a ba ce. Da suka kai wasan ƙarshe na kofin matasa, aka ce a Damagaram za a buga da 'yan birni, kuma wani mutum zai zo daga Yamai ya zaɓi waɗanda za a ɗauka makarantar ƙwallo, sai suka yi magana a gaban Ya Kaka. Baba ya ce idan mutumin ya ɗauke shi, shi da kansa zai raka shi tasha ya sa masa albarka. Idan bai ɗauke shi ba, zai ajiye ƙwallo ya tafi wurinka. Yaya ya ce ya yarda, har yana dariya, don duk Gure ba wanda ya yi zaton za a ga tsaronsa a ƙi shi.

Ka san filinmu na bayan lakwal, makarantar da na gama, rairayi ne tun daga wannan raga har waccan. A nan ƙwallo ba ya gudu. Idan ɗan baya zai mayar wa mai tsaron raga, sai ya buga da ƙarfinsa duka, don rairayi zai cinye rabin ƙarfin a hanya. Yaya kuma ya tsaya ya jira ƙwallon ya iso a gajiye, ya sa ƙafa ya taka shi. Haka kowa ya tashi ya gani, haka suke yi ko da ido rufe. Ni kuwa tun ina aji huɗu nake tsayawa a bayan ragarsa riƙe da gorar ruwa. Ba na ihu kamar sauran, amma ina kusa da shi, idan na ga wani ya sulale ta hagunsa sai na faɗa a hankali ya ji. Yana ce mini idonsa na ƙeya. Duk lokacin da aka dawo daga hutun rabin lokaci sai ya zo ya sha ruwa ya tambaye ni abin da na gani. Shi ne ya roƙi Baba a bar ni na je Damagaram, Baba ya ƙi sau biyu, sai da Gwaggo Biba ta ce za ta je kuma ba za ta saki hannuna ba.

Mun tashi bayan sallar asuba a bayan kamyo, babbar motar kaya, mu wajen arba'in, da Ɗan Talata mai ganga wanda bai bar kowa ya runtsa ba har Mirriya. Kawu, ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Katanga ce doguwa ta zagaye shi, ga matakala hawa-hawa inda ake zama, ga jandarmomi a ƙofa suna duba kayan mutane. Ɗaya daga cikinsu ya karɓe gorata ya ce ba a shiga da ita, na zo na karɓa idan an tashi. Na so na ce ta yayana ce, amma na kasa. Aka nuna mana wurin baƙi, can gefen da ba rumfa, rana tana dukanmu a fuska, an raba mu da mutanen gari da shingen waya, an kuma raba mu da filin da wata wayar. Sai a lokacin na gane ba inda zan tsaya a bayan raga. Su kuwa 'yan birni sun cika ko'ina, idan suka yi ihu sai na ji shi a cikina. Suna kiranmu 'yan rairayi, suna tambaya ina muka ɗaure raƙumanmu. Ɗan Talata ya amsa musu cewa a ƙofar gidan surukansu muka ɗaure, su yi sauri kafin su cinye darni. Gwaggo Biba ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ni dai ina kallon ciyawar filin, ina tunanin awakinmu da suka shekara ba su ga tsanwa irin wannan ba.

A rabin farko ragar Yaya tana can nesa da mu, amma ko daga nesa kowa ya ga abin da ya yi. Ciyawar a bushe take, gajera, 'yan wasanmu suka ɗan saba da ita. Sau uku ana cewa an ci, sau uku yana tashi da ƙwallo a ƙirjinsa. A na ukun har wasu daga cikin 'yan birni suka tafa. Ɗan Talata ya nuna mana mutumin Yamai, mai farar hula, zaune a inuwa da ɗan littafi a gwiwarsa, muka ga ya sunkuya yana rubutu. Gwaggo ta matse hannuna ta ce na fara koyon rubuta wasiƙa zuwa Yamai. Aka tafi hutu ba wanda ya ci wani.

Yanzu ne zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Da 'yan wasa suka shige ɗakinsu, mazanmu suka sauka sallar la'asar, Gwaggo ta juya neman mai ruwan leda. Ni kaɗai na rage ina kallon fili. Sai ga mutum biyu sun jawo baƙin tiyo, suka shiga ba wa ciyawa ruwa a gaban ragar da ke kusa da mu, wadda Yaya zai tsare bayan an juya. Daga baya an ce mini haka ake yi a filayen ciyawa, ba cuta ba ce. Amma ni da nake ban ruwa a lambun Baba tun ina ƙarama, na san yadda ƙasa take idan ta ƙoshi, ruwa ya kwanta ƙarƙashin ganye. Na san rana za ta busar da saman cikin ɗan lokaci, ido ba zai gani ba, ƙasan kuwa santsi ne. Na ce a raina dole na gaya wa Yaya.

Kuma Allah Ya ba ni dama, Kawu, ba zan ce bai ba ni ba. Da suka fito, Yaya bai ratsa ta tsakiya ba, ya biyo gefe ya zo har jikin waya yana nemana da ido. Ya gan ni, ya ɗaga murya ya ce, “Fa'iza, me kika gani?” Kafin na buɗe baki sai samarin da ke ɗaya gefen wayar suka fara fito, suna cewa mai tsaron raga ya zo zance wurin budurwarsa, a dakata da wasa har su gama. Mutane suka kwashe da dariya, duk idanu suka juyo kaina. Maganar tana bakina, kalma huɗu ko biyar ce kawai. Na ja hijabina na rufe fuska, na girgiza kai. Ta cikin hijabin na ga ya yi murmushi, ya buga wayar sau biyu da safar hannunsa, ya ruga wurinsa.

Ba a yi minti biyu da farawa ba aka matsa wa Modu, abokinsa mai tsaron baya. Modu ya juya ya mayar da ƙwallo gida da ƙarfi, irin bugun Gure. Yaya ya tsaya yana jira, irin tsayuwar Gure. Amma ƙwallon bai gaji ba. Yana taɓa jiƙaƙƙen wurin sai ya ƙara gudu, ya wuce ta ƙarƙashin ƙafarsa tun bai sauke ta ba. Ya juya zai bi shi, santsi ya kwashe shi ya faɗi, yana kwance yana kallo ƙwallon ya shiga raga. Ban san yadda zan kwatanta maka ihun da aka yi ba. Abin da na fi ji shi ne gangar Ɗan Talata da ta yi shiru. Na duba inuwa na ga mai farar hula ya rufe littafinsa. Bayan haka Yaya ya tare wasu biyu masu wuya, ɗaya har ya bugi ƙarfen raga da kafaɗa, amma kujerar mutumin ba kowa a kanta. Haka aka tashi, ɗaya da nema. Aka tsare mu a wurinmu sai da 'yan gari suka gama fita suna waƙa, sannan aka buɗe mana. Na karɓi gorata a ƙofa, ruwan ya yi zafi kamar an dafa.

Washegari da safe a cikin kamyo Modu ya yi ta kuka yana neman gafara. Yaya ya ce masa ya daina, bugunsa daidai ne, shi ma da haka zai buga. Ya ce bai san wurin a jiƙe yake ba sai da ya faɗi ya ji wandonsa ya yi sanyi, da ya sani da ya fito ya tari ƙwallon tun daga nesa. Sannan ya dubi mutane ya tambaya, mu arba'in ba wanda ya ga lokacin da aka ba filin ruwa? Wannan ya ce yana salla, wancan ya ce ya fita. Ni bai ko dube ni ba, Kawu, don bai taɓa kawowa a ransa cewa zan gani na yi shiru ba. Da muka tsaya a Gidimuni har ya sayo mini rake, ya ce na daina ɓata rai, wasa ne. Na riƙe raken nan har Gure ban iya sha ba.

Baba bai yi masa gori ba ko kaɗan. Ya ce haka Allah Ya so. Ina jin da Yaya ya roƙe shi a ranar da wataƙila ya sassauta, amma Yaya da kansa ya ce alkawari ya riga ya yi a gaban Ya Kaka. Ya mayar da takalmin da ya ara, ya wurga safar hannunsa kan rumfar awaki. Tun ranar ba ya bi ta bayan lakwal, sai ya zagaya ta kasuwa. Yau kwana tara ke nan ina cewa gobe zan gaya masa. Jiya na same shi shi kaɗai a bakin rijiyar lambu, na tsaya a bayansa kamar yadda na saba, ya juyo ya tambaye ni ko akwai magana, na ce Inna ce ke kira.

Kawu, ba ina roƙonka ka karya maganar Baba ba. Ka koya masa aikin, hannunsa yana da kyau, ba zai ba ka kunya ba. Amma kada ka tambaye shi labarin wasan a kwanakin farko, kuma ka hana yaran garaji tsokanarsa idan labarin ya riga shi zuwa. Idan akwai fili kusa da ku, ka riƙa sakinsa ko da yammacin Juma'a ne. Zai ce ba ya so, kada ka yarda. Baba yana jin maganarka fiye da ta kowa, idan wata rana ka ga tsaronsa da idonka, kai ka san abin da za ka ce masa. Na sa sanda na sauko da safar hannun, na wanke, na ɗinke babban yatsan da ya yage. Tana cikin ƙaramin buhun dabinon da Inna ta aiko maka, can ƙasa, na naɗe ta a tsohon ɗankwalina. Ka gaya wa Tanti kada ta yi mamaki idan ta zazzage.

Ya Kaka tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya yi mata amfani. Inna da Baba da Gwaggo Biba suna gaishe ku. Ka gaishe mini da Tanti Rahinatu, da Rumasa'u da Alhasan, ka ce wa Ummul Kulsum ban manta da lallen da na yi mata alkawari ba. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Saura abu ɗaya. Idan ya huta, ya ci abinci, ka ga ransa ya ɗan kwanta, ka kira shi ka karanta masa layin nan na ƙasa da ƙarfi, yadda zai ji sosai. Idan ya yi fushi da ni, ka bar shi ya yi, yana da gaskiya.

Yaya, ka tambaye ni me na gani. Na gani. An jiƙa gaban ragarka, ka fito ka tari ƙwallon.

Ɗiyarka,
Fa'iza.