Ni na ɓata ƙafar jif ɗina, amma mahaifina na ɗora wa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, a Gusau nake kuma akwai waɗanda suka san ni a nan. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, don ranar za a ɗauke mahaifina daga gidansa a kan laifin da ni na aikata.

Babanmu tsohon bakanike ne, rayuwarsa duk a ƙarƙashin mota ya yi ta, kuma aikin ƙafar mota shi ne gwanintarsa. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, hannun ya mutu, baki ya karkace, in yana magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da yake faɗa. Innarmu ta rasu, ni ne ƙarami a maza, ni nake zaune da shi da iyalina. Ban koyi sana'arsa ba, gaskiya ma tun ina sakandare nake jin kunyar baƙin man da ke farcensa.

Bara na sayi jif ta hannu. Kwanakin baya ta fara ƙara gwaf-gwaf in na shiga rami, sitiyari yana rawa, aka ce bushin ne ya cinye, wato robar da ke jikin lowa'am, ƙarfen nan da ke riƙe da ƙafar gaba. Na kalli bidiyo uku a waya na ce ai wannan ba wani abu ba ne, na sayo sababbin lowa'am biyu da bushin ɗinsu. Ranar Asabar da hantsi na ɗaga motar a jak a harabar gida, na kira abokaina biyu, ba don su taya ni ba, don dai su ga ni ma na iya. Akwatin kayan aikin Baba na ɗauko, ko tambayarsa ban yi ba.

Baba ya dogaro sanda ya zo ya zauna yana kallo. Na cire tsofaffin na sa sababbi. Da na ɗauki sifana zan ɗaure manyan notocin sai ya fara buga sanda a ƙasa yana nuna jak, yana cewa, "Sauke ta. Sauke ta tukun." Na ji shi sarai, girman kai ne ya hana ni tambayar dalili. Yawu yana zubo masa, ɗaya abokin nawa ya kau da kai yana dariya, shi ke nan raina ya ɓaci. Allah ya yafe mini, na karkace bakina na kwaikwayi maganarsa, suka tuntsire da dariya, na ce masa kanikancinsa ya mutu tare da motocin zamaninsu, na kama shi na kai shi ɗaki na jawo ƙofa. Na dawo na zura wa sifana bututun ƙarfe na ɗaure notocin tamau, motar tana sama.

Washegari da safe matata ta same shi kwance a ƙasa gefen tayar gaba, sifana a hannun hagu, yana nishi ya kasa tashi. Muka ciccibe shi muka mai da shi ɗaki, ni kuma na kulle akwatin kayan aikin a ɗakina.

Bayan kamar sati shida muna hanyar Tsafe ni da Yaya, babban wanmu, wajen Kwatarkwashi shanu suka shigo titi, na taka birki da ƙarfi, motar ta fizge gefe guda muka faɗa rami. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, Yaya kuwa goshinsa ya fashe sai da aka yi ɗinki. Yaya mutum ne mai zafi, tun yana kan gadon asibiti ya tsare ni da ido ya ce wa ya taɓa ƙafar motar nan. Na ce Baba. Na ce an kama shi da sifana a ƙarƙashinta, matata ta ba da shaida don abin da ta gani ke nan, ni kuma na ƙara gishiri, na ce ya fara ruɗewa, kwanaki ma tukunyar gas ya so ya kunce. Wallahi ƙarya nake, ko kicin ba ya shiga.

Yaya ya tara 'yan uwa aka yanke cewa Baba ya ruɗe, zamansa kusa da mota da yara haɗari ne, a mai da shi ƙauyen Kucheri wurin Gwaggo ƙanwarsa. Gwaggo kanta sai an taimaka mata, kuma can babu gashin ƙashin da ake yi masa a asibiti duk Talata, wanda shi ne ya sa ya fara takawa da sanda. Baba yana zaune ake maganar, ya yi ta ƙoƙarin yin bayani, Yaya ya ce ya yi shiru ya huta, ni kuma na sunkuyar da kai ina danna waya.

Motar na sa aka ja ta zuwa Bungudu don kada makanikan Gusau su yi da ni. Bakaniken wani magidanci ne mai furfura, ya shiga ƙarƙashi ya fito da robar duk ta murɗe ta yage, ya ce, "Wa yaɗ ɗaure motag ga tana bisa jak?" Ya ce ba a ƙarasa ɗaure bushin sai an sauke mota ta zauna da nauyinta a kan tayoyi, in ba haka ba robar a murɗe take yawo har ta yage. Na tambaye shi ko wani ya sassauta notocin, ya ce ko motsi ba su yi ba, shi ma da hannu biyu da bututu da ƙyar ya kunce su. Sai ya ce, "Wanga ai karatun hwarko na, ni wurin wani dattijo can Gusau nik koya," ya kira sunan mahaifina. Ban ce masa ni ɗansa ne ba. A nan na gane abin da ya fito da Baba da hannu ɗaya ranar, so yake ya gyara mini ɓarnar ba tare da na sani ba.

Yau sati uku da na san wannan, ban faɗa wa kowa ba, har matata. Ina tsoron Yaya, in ya ji zai tsinka ni gaban dangi, ƙila ma ya ce in bar gidan. Amma tunda ba ku san ni ba bari in faɗi mafi muni, akwai ɓangaren zuciyata da ke so Juma'ar ta zo ya tafi, in huta da ganin idonsa. Har na kama kaina ina leƙa ɗakinsa ina tunanin inda zan sa kujeru.

Jiya da la'asar ya aika a kira ni. Ya riƙe hannuna da hagunsa, ya daɗe yana haɗa maganar, sannan ya ce, "Ka yahe mani, na ɓata maka mota. Kak ka bari su kai ni ƙauye." An yi ta faɗa masa har ya yarda shi ne ya yi. Jama'a, da bakina na ce masa na yafe.

Ku zage ni in kuna so, na cancanci zagi. Amma ku faɗa mini, wa zan fara tunkara kafin Juma'a, Yaya ko Baba? Kuma da wane baki zan nemi gafarar mutumin da jiya-jiyan nan na yafe masa laifina?