Ɗan Yayata Ya Tafa Sau Uku, Ya Ɗauki Jarina

Gwaggo Salanieta,

Ki taimake ni don Allah, saura mako uku in buɗe shago, kuma tsoron ranar nake yi kamar ranar shiga kotu. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, idan na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri.

Sana'ata ɗaura kayan sauti a mota. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa wani aiki a garejinsa a nan Lautoka, sannan na yi kaka huɗu ina tsinkar inabi a Mildura, ƙasar Ostireliya, har gwiwata ta hagu ta lalace. Na dawo da dala dubu talatin da ɗaya. Matata Mereoni ta ƙara dubu bakwai, kuɗin ɗinkin da ta shekara tara tana tarawa. Na ɗauka kuɗi ne mai yawa, Gwaggo. Ashe! Mai shago ya karɓi hayar wata uku a gaba. Ƙofar ƙarfe saboda guguwa ta ci dubu biyu da ɗari shida, ban ma taɓa sa ta a lissafi ba. Ga lasisi, ga mai gyaran wayar lantarki da ya ce duk ta shagon ta ruɓe, ga kayan aiki. Kayan sayarwa kuwa daga Auckland, can ƙetare, na yi odarsu, sifiku da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da rediyoyi, kwastan suka sake yankata a kansu. Yau abin da ya rage a hannuna bai kai dubu huɗu ba. Duk dukiyarmu tana cikin kwalaye.

To kwalayen nan ne matsalar. Da yake ba a gama gyaran shago ba, sai na jibge su a falon gidana. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan coci, Yaya Torika ta zo daga ƙauye da gwaza da kifi, tare da babban ɗanta Ilaitia, wanda ke tuƙa ƙaramar bas tsakanin Lautoka da garin Ba. Ke kin san matsayin ɗan 'yar'uwa a wurinmu. Vasu ne, abin da idonsa ya so a gidan kawunsa nasa ne. Muna cin abinci ya tashi ya zagaya kwalayen, ya durƙusa, ya tafa sau uku, ya ce, "Kawu, waɗannan sun kira sunana." Amfilifaya mafi tsada da manyan sifiku biyu, irin masu girgiza bayan mota. Dala dubu huɗu da ɗari biyu. Su ne na yi niyyar kafawa a ƙofar shago don jan masu saye.

Kin san abin da na yi? Dariya na yi. Na ce masa ɗan banza, tun yana goye hannunsa ke da tsawo. Kowa ya yi dariya, Yaya Torika har da share hawaye. Sannan na ɗauko kayan aikina na ɗaura masa su a bas da hannuna, har la'asar, da wayoyin haɗi nawa da komai. Mereoni kuwa ta miƙe. Ta kwashe kwanuka ta shiga ɗakin ɗinki ta rufe ƙofa, kuma har yau maganar da ta yi mini a kai guda ɗaya ce: "Saura huɗu."

Gaskiya ta faɗa. 'Ya'yan Yaya Torika maza biyar ne, uku cikin sauran suna da mota, na huɗun yana shirin saye. Ilaitia ya shiga ƙauye da kiɗa har kaji suna gudu, yanzu kowa ya san kawu ya yi arziki. An aiko mini cewa dukansu za su zo ranar buɗe shago don taya ni murna. Tun da na ji saƙon nan nake ta sake lissafi. Idan kowannensu ya tafa sau uku, Gwaggo, na gama. Babu kuɗin sake oda, babu hayar wata na huɗu, kuma gwiwar nan ba za ta sake ɗaukar gonar inabi ba.

Kada ki ce in hana su, don ba ni da bakin hanawa. Yaya Torika ce ta yi jinyar mahaifiyarmu shekara uku ina can ina tara kuɗin nan, ita ta rufe mata ido. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na shiga gidan Kawu Waisake, ƙanin mahaifiyarmu, na tafa sau uku na ɗauke rediyonsa mai kaset, ita kaɗai ce a gidan, da kuɗin rakensa na shekara ya saye ta. Dariya shi ma ya yi. Na kwance ta na mayar ya fi sau ashirin, a kanta na koyi sana'ar da nake ci yau. Yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni, bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Na yi tunanin in kai kayan ajiya gidan maƙwabcina Pravin, in ce shagon nasa ne, ni ɗan aiki ne kawai. Na yi tunanin in sayar da komai a kan asara tun ban tozarta ba. Ina tsoron rasa shago, ina tsoron idon Mereoni, ina tsoron ranar da za a ce a ƙauye ɗan'uwan Torika ya je ƙasar Turawa ya dawo bai san vasu ba. Me zan yi?

Naki,
Kawu Mai Fargaba, Lautoka

*

Kawu Mai Fargaba,

Ka fara cire Pravin daga cikin maganar nan. A Lautoka ƙarya ba ta kai mako, kuma ranar da yayarka ta gano ka yi mata wasan ɓuya, abin da za ka rasa ya fi sifika. Sayar da kaya a kan asara ma ka bar shi. Tsoro ne ke ba ka wannan shawarar.

Ilaitia bai yi laifi ba. Ya ga kwalaye a falon kawunsa, ya yi abin da aka koya masa, kai kuma ka yi dariya ka ɗaura masa. Ta ina zai san rabin ranka ya ɗauka? A ƙauye suna ganin kwali ashirin, ba su ganin haya da kwastan. Amma Mereoni ma tana da gaskiya, kuma shirunta ya fi ba ni tsoro a kan 'ya'yan yayarka. Shekara tara na ɗinkinta na cikin kwalayen nan, kuma ita ba kawun kowa ba ce. Kuskurenka biyu ne: ka manta da vasu a lissafi kamar yadda ka manta da ƙofar ƙarfe, sannan ka ajiye kayan kasuwa a inda ake cin abincin Lahadi.

Gobe ka kwashe kwalayen zuwa shago, ko da fenti bai bushe ba. Ka zauna da matarka ka ba ta haƙuri da baki, ba da kallo ba. Allon suna mai fitila, idan kana shirin yi, ka dakata da shi. Ragowar kuɗin nan na haya ne, kada ka taɓa.

Sannan ranar Asabar mai zuwa, ba ranar buɗewa ba, ka sayi damin saiwar yangona mai kyau, wadda ake jiƙawa a sha a zaman girmamawa, ka tafi ƙauye. Ka zauna a tabarma gaban Torika da 'ya'yanta biyar, ka faɗi abin da ka faɗa mini, da adadinsa, har da gwiwar. Ka riga su bayarwa: ka ce aikin hannunka kyauta ne ga kowane vasu har ka mutu, duk wanda ya sayi kaya za ka ba shi a kuɗin da ka saro, kuma gidanka yana nan a buɗe kamar kullum. Amma abin da ke bayan kanta na shago ne, da haƙƙin Mereoni a ciki. Ilaitia kuwa ka roƙe shi abu ɗaya a gaban uwarsa: a rubuta sunan shagonka da lambar wayarka a jikin bas ɗinsa. Sau nawa yake bin hanyar Ba a rana da kiɗanka? Vasu ma ana roƙonsa.

Ba zan ce maka babu wanda zai ɓata rai ba. Wataƙila ɗaya ya ƙi zuwa bikin, wataƙila Torika ta yi maka sanyi na wata biyu. Za ka iya ɗaukar wannan. Matar da ta yi jinyar uwa shekara uku ta san nauyi idan an nuna mata shi.

Kuma kada ka je kai kaɗai. Ka ciri rediyo ɗaya mai kyau daga cikin kayanka, ka sa ta a lissafin buɗe shago tare da lasisi, ka bi ta gidan Kawu Waisake ka ajiye masa ita a cinya. Ka tambaye shi yadda ya kwana ranar da ka tafa masa sau uku. Shekarun nan duka babu wanda ya tambaye shi. Sannan ka riƙe hannunsa zuwa tabarmar Torika, ka bar shi ya fara magana.

Allah ya sa ka buɗe a sa'a, ya kawo masu saye, ya sassauta maka gwiwa. Ka gaishe mini da Mereoni.

Gwaggo Salanieta