Kifin Baba

Zuwa ga Yaya Zuwaira, Batsari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Armaya'u, da su Rahma da Nurain. Ya damina, ya haƙurin zaman garin? Tunda har yau ba a maido sabis ɗin waya ba, na ce bari in rubuto, Sammani direba ya kawo maki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a makaranta.

Na je Safana na ɗauko Baba. Yaya, abin da na tarar bai yi mani daɗi ba. Tun da ɓarayin daji suka kore shanun suka tashe mu daga Runka, zaune yake a zauren mutane sai an miƙo mashi kwano. In zai ci, juya baya yake kamar mai sata. Mutumin da rumbunshi ke kai wata damina! Ya ce mani tuwon da ba hannunshi ya nemo ba a maƙoshi yake tsaya mashi.

Yanzu muna tare a bakin dam, a bukkar da Malam Daudu ya ba ni, mai jiragen da nake kamun kifi a ƙarƙashinshi. Mu a ƙasan dam muke, bayan bango. Kifi na hawowa rafi, in ya iso bangon ya rasa hanya, sai ya taru a gurbin da ruwa ya haƙa. Nan muke shiga da jirgi mu jefa koma, wato ragar kamun kifi. Tarwaɗa da karfasa, in an yi sa'a ragon ruwa.

Baba bai kusanci ruwan ba tukuna. Amma jiya na ga ya jawo wata yagaggiyar koma yana ɗaure ta da irin ƙullin igiyar shanu. Malam Daudu ya ce wannan ƙulli bijimi ma zai riƙe, balle karfasa. Baba bai yi dariya ba, amma bai ajiye komar ba.

A gaida kowa. Ƙanenki, Almustapha.

Zuwa ga Yaya Zuwaira.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ya yara, ya jikin Nurain? Allah ya ƙara sauƙi. Kulikulin ya iso, Allah ya bar zumunci.

Yaya, Baba ya shiga jirgi! Ya riƙe filafili kamar fartanya, yana sarar ruwa, jirgin na ta juyawa wuri ɗaya. Masunta suka sa mashi Sarkin Noma. Shi kuma ya ce masu su ne manyan ragwaye, masu girbin abin da ba su shuka ba. Rabon da in ji ya mayar wa wani magana tun muna gida.

Malam Daudu ya ba shi mamari nashi na kanshi, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa. Da yamma mu je ya shimfiɗa ta a tsakiyar gurbi, da safe mu je ya ɗago. Gonarshi yake ce mata. Har yanzu ƙanana yake samu, mu cinye. Ya ce ba zai aika maki da waɗannan ba, kada Rahma ta raina shi, sai ya kama na kirki. Yanzu a tsakiyarmu yake cin tuwo.

Abu ɗaya ke damuna. Kin san halinshi, kowace safiya ya fito ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ya faɗi ko za a yi ruwa, kuma bai taɓa kuskure ba. To a nan ba sama ake dubawa ba, bango ake dubawa. Ruwan da aka yi can kudu, inda ko hadarinshi ba mu gani ba, shi ke gangarowa ya cika dam, ya tsallako bango rana tsaka. Malam Daudu ya zaunar da shi ya yi mashi bayani. Baba na ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa malamin gona. Da muka tashi ya ce mani damina ta yi sallama, ga raɓa na sauka, dawa ta fid da kai. Zan ci gaba da lallaɓa shi a hankali.

Ki gaida Malam. Naki, Almustapha.

Zuwa ga Yaya Zuwaira.

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ina fatan ke da yara kuna lafiya. Sammani ya ce kina son ki ji yadda aka yi daga bakina.

Ranar Talata da yamma Malam Daudu ya hau sama ya dubo, ya ce ruwa ya kai leɓen bango, kowa ya bar jirginshi a tudu. A gaban Baba ya faɗa. Washegari na ɗauki banda na tafi kasuwa da sassafe, Baba na lazimi. Sama fes, ko gajimare babu.

Matar Malam Daudu ce ta gan shi. Ta ce ya fito ya daɗe yana duban gabas, sannan ya ɗauki filafili. Ta yi mashi magana, ya ce mamarinshi ya kwana a ruwa, manomi ba ya barin hatsi ya nuna a gona ya tafi ya kwanta. Ya nuna mata sama da hannu yana murmushi. Kafin ta kira mazan ya kai tsakiya. Da hantsi iska ta taso daga cikin dam, ruwan ya tsallako gaba ɗaya.

Sai washegari muka ga jirgin can ƙasa, ya saƙale a cikin ciyayi, bai ko kife ba. Mamarin na ciki, ya ɗago shi duka, ya naɗe tsaf. Shi kuma gaba kaɗan muka same shi. Hanyar Runka ba ta biyuwa, saboda haka nan muka yi mashi sutura, kuma masunta duk sun halarta.

Kin ce in baro ruwan nan in dawo Batsari. Zan zo ranar addu'ar bakwai, mu yi maganar.

Yaya, a cikin jirgin akwai tarwaɗa manya, irin waɗanda ni ban taɓa kamawa ba, wasu ma da ransu. Babu wanda ya iya taɓa su, sai matar Malam Daudu ta yi bandarsu. Su ne a kwalin da Sammani zai ba ki. Na san za su yi maki wuyar ci, ni ma na kasa. Amma ki dafa wa su Rahma, ki zauna su ci su ƙoshi. Ki ce masu kakansu ne ya ciyar da su yau.

Allah ya ba mu haƙuri. Ƙanenki, Almustapha.