Zuwa ga Maigidana Mai Tashi Sama a Kan Katako

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Birmingham, kai da katakonka mai taya huɗu. Kakarka ce daga Cheetham Hill, idan ba ka manta kana da ita ba. A nan na rubuta inda kowa zai gani, tunda kai ma a gaban kowa ka yi maganarka.

Matan Islamiyyarmu ne suka nuna min hirarka a waya. Na gyara zama, na ce musu ku matsa ku ga mijina. Ga ka can a ƙolin abin nan naku mai kama da gangar da aka tsaga biyu, ka ciro hular kwano, ka hura mata iska sau uku, sannan ka faɗa ciki da katakonka. Baturen da ke hira da kai ya tambaye ka dalilin hurawar. Ka yi dariya ka ce sabo ne kawai, ba ka ma san inda ka samo shi ba. Ka ƙara da cewa kai kaɗai ka taso a harkar, babu wani na gida da ya taɓa zuwa kallonka.

Turancina na bas ne da na wajen likita, amma wannan kam na ji shi tas.

To bari in tuna maka, Maigida. Ranar da ubanka ya ce wannan wasan 'yan iska ne, ni na ce masa shi ma da langa ya karya haƙori. Ni na riƙa bin ka a bas duk Asabar, da gwiwar nan tawa, in zauna a kan benci cikin sanyi tsakanin samari masu zane a jiki, har suka koyi ce min sannu. Kuma ba ka taɓa yarda ka hau ba sai ka sauko ka miƙo min hular ka ce, “Kaka, tofa.” In karanta Ayatul Kursiyyu in tofa sau uku. Ranar da muka yi sauri muka manta, kafaɗarka ta goce, ka yi kuka ka ce laifina ne.

Ni ban taɓa kiran sunanka ba, don sunan kakanka ne marigayi, kunya ta hana ni. Kai wace kunyar ce ta hana ka? Zanina ne, ko goron da ke bakina?

Na ce a raina shi ke nan, na janye tofina, ya je ya hura iskarsa. Jiya aka nuna gasarku kai tsaye. Na zauna na ɗaure fuska. Ina ganin ka tsaya a bakin gangar nan, ƙafa ɗaya a kan katako, ban san lokacin da na jiƙa wa Hajiya Rabi 'yar Islamiyyarmu wayarta da yawu ba. Har yanzu tana mita.

Ba na neman ka sa ni a talabijin. Idan aka sake tambayarka, ka ce kakata ce. Iyakarta ke nan.

Allah ya tsare min ƙashinka, ya sauke ka a kan tayoyinka duk lokacin da ka tashi, ya kuma buɗe maka baki.

Matarka ta fari, mai fushi har yanzu,
Kaka